Ranar da Inna Ta Ce a Ƙarasa Mata Ayar

Na ja tirela daga Agadas har Fatakwal, na ga 'yan fashi ido da ido, amma ban taɓa jin tsoro irin wanda na ji a ƙaramin cocinmu na Hausa a nan Katsina ba.

Muna da al'ada a cocin: in mai wa'azi ya kira aya, duk wanda ya riga samunta sai ya miƙe ya karanta da ƙarfi. Saboda tsofaffinmu ne, irin Inna, mahaifiyata, da ba su yi boko ba. Da kunne suke riƙe da Littafi. Uwargidana kuwa ba a riganta. Nakan tsokane ta cewa da haka take saurin ɗora tukunya da na yi tumbi.

Sai ga wani baƙon mai wa'azi, lokacin fastonmu ya tafi jinya. Dattawa suka ba shi ruwa, suka ba shi mumbari. Ba wanda ya tambayi wa ya aiko shi, don a wurinmu titsiye baƙo abin kunya ne. Hausarsa ta fi zuma. Ya ce kowa ya rufe Littafi, shi zai kawo ayoyin da ka. Ya ce shan magani rashin bangaskiya ne, ya ajiye kwando a gaba. Inna, mai ciwon suga, ta kwance bakin zanenta ta zuba ƙwayoyinta a ciki.

A gidanmu na Ƙofar Durbi na fara ganin abin. Inna ta addabi randa, ba ta ƙoshi da ruwa. Tururuwa ta yi layi a makewayi saboda zaƙin fitsarinta. Fuskarta ta zabge. Na lallaɓa ta, na yi mata wasa, na durƙusa. Ta ce ni da na zaga duniya, a wane gari na tarar Allah ya gaza?  Ga shi baƙon ya ce duk wanda ya ja da shi ba zai ga ƙarshen shekara ba. Na san zancen banza ne, amma na kasa zuwa in ja da shi.

Lahadin da ta biyo, da ƙyar muka sa Inna cikin kurkura, keken nan mai ƙafa uku. Ana tsakar wa'azi baƙon ya kira wata aya, ya ce ita ta hana magani. Kafin in ankara uwargida ta miƙe. Daga baya ta ce mani ba jarumta ba ce, ƙafafunta ne suka saba. Ta buɗe Littafi, ta karanta. Babu magani a ayar, babu ko ciwo.

Baƙon ya daka mata tsawa ta zauna, ya nuna ta da yatsa, ya ce ta sayi mutuwa da bakinta.  Ni ƙato guda na kasa ɗaga kai.

Sai muka ji muryar Inna, a shaƙe. "Ɗiyata, ƙarasa mani. Ki karanta ta sama da ta ƙasa."

Ta karanta. Inna ta karkata kunne har ƙarshe, ta ce ita dai ba ta ji abin da baƙo ya faɗa ba, ko wani ya ji? Ba wanda ya ji. Nan aka fara buɗe Littattafai, ko'ina ƙarar takarda. Wani dattijo ya tashi, ya gaishe da baƙon da kyau, sannan ya tambaye shi wace ikilisiya ta aiko shi. Baƙon ya sauka daga mumbari ya fice. Kafin la'asar ya bar gari.

Daga coci asibiti muka wuce. Inna ta tashi, amma idonta na hagu bai dawo ba. Ni kuwa har shekarar ta fita, in uwargida ta yi tari sai in tuna bakin da baƙon ya yi mata, in kai hannu goshinta. Takan ture hannun ta ce in je in duba tayar motata.

Inna na zama a gaba yanzu, da ƙwayoyinta a bakin zane. Kowa ya hau mumbari, baƙo ko ɗan gida, in ya kira aya sai ta juyo da lafiyayyen idon tana neman surukarta.