Kawu Sale da Turamensa Uku

Duk wanda ya zauna a Kazaure a zamaninmu ya san ba a ganin Kawu Sale sai da tsumagiyar tsamiyar nan tasa. Bai taɓa dukan kowa da ita ba, makaɗa yake jagoranta da ita. Ya yi shekaru yana shugabantar 'yan badujala, ya iya rubuta kiɗa a takarda da waɗansu ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda, kuma ko ya dawo gida hannun nan ba ya hutawa. Ni Hauwa 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi, na kuwa sha fama. Muna tsakiyar daka sai ya leƙo ya ɗaga tsumagiya, wai taɓaryata ta yi latti, a koma farko. Matarsa, Inna Delu, ta ce masa tuwo za a yi ba biki ba. Ya ce ai shi ya sa na jiya bai yi daɗi ba.

Wata rana ya ji a rediyo labarin wani makaɗin Meziko da ya shigar da gangunan ƙauyensu cikin kiɗan Turawa. Shi ke nan, muka shiga uku! Sunan mutumin ma bai riƙe ba, "ɗan'uwana na Meziko" kawai yake cewa. Ya zauna ya tsara kiɗa na ƙaho shida, ganga biyu da turmi uku, ya ce roƙonsa ɗaya ga Allah, ya ga an buga shi gaban jama'a daga farko har ƙarshe.

Ranar 'yancin kai muka kai turame har fili. Masu shirya biki suka ce turmi ya shiga, amma ban da gero, kada kaji su cika wajen. Inna Delu ta jingine taɓarya, ta ce uwarta ba ta koya mata dakan turmi wayam ba, ba kuma yau za ta fara ba. Na zaci Kawu zai lallashe ta. Ina! Bayanta ya goya, ya ce turmin da babu gero ƙarya yake faɗa. Haka muka komo da turame a ka.

Da kuɗin mai suka shigo, injin niƙa ya cika gari, wani hedimasta a Babura ya gayyace mu, ya ce kada mu wahala da ɗauko gero, ya tanada. Ashe gari ya sa aka niƙo, don ya sauƙaƙa mana. Kawu ya ce an riga an taru, a buga. Taɓarya uku suka sauka, gari ya tashi. Manyan baƙi suka yi fari fat, masu ƙaho suka kama tari, kiɗa ya mutu a tsakiya. A mota muna dawowa, sai Kawu ya ce, "Ƙaho ne ya shaƙe. Turmi bai yi kuskure ba."

Daga nan dariya ta ragu. Kunnen Kawu ya toshe, 'yan badujala suka watse, 'yan mata suka koma kai niƙa inji, babu mai koyon lugude. Nakan same shi a zaure yana kaɗa tsumagiya shi kaɗai, abin ya dinga cin raina.

Sai wani tsohon mai ƙahonsa ya tashi aurar da ɗansa a Roni, ya tattaro sauran abokan. Ni da Inna Delu da wata maƙwabciya muka ɗaura ɗamara, gero na gaske a turmi. Kawu ya cire takalmi, ya tsaya dab da mu, ya ɗaga tsumagiya. Wallahi ban san kiɗan yana da daɗi haka ba sai ranar. Muka kai shi har ƙarshe, mata suka rangaɗa guɗa, shi kuwa hawaye ya jiƙa masa gemu. Ya yafuto ni, na matsa ina jiran godiya.

"Hauwa, kin yi latti sau biyu."

Na kai baki kunnensa na ce, "Kawu, ai ba ka ji."

"Ƙafata ta ji," in ji shi. Sannan ya miƙo mini tsumagiyar ya ce, "Amma kiɗan ya cika."

Bai ga ƙarshen daminar shekarar ba. Tsumagiyar tana rataye a ɗakina, kuma har yau ba na kai surfe inji. Allah ya ji ƙan Kawu Sale, ya sa ƙasar da ya saurara da ƙafa ta yi masa laushi. Amin.