Ƙaramin Zubin Yaya Garba

Shekara goma sha biyu ke nan da ranar da aka tsayar da ni a tsakiyar titin Ladeira da Praça, ina ɗauke da wani Bature a kujerar haya ta kafaɗa, aka ce mini Yaya Garba wanzami ya cika. Ban sauke kujerar ba. Sai da na kai mutumin ƙofar gidansa, domin a garin nan gawar baƙar fata ba ta tsayar da tafiyar farar fata.

Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, jirgin bayi ɗaya ya ƙetaro da mu teku, sarƙa ɗaya. Shi ya riga ni fansar kansa, da aska da kuma karta. Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, ɗan caca ne. Malamai sun yi masa faɗa har sun gaji.

Matuƙan jiragen ruwan Amurka ne suka kawo wata irin karta bakin tasha, wadda zubinta ba shi da iyaka. Mutum na iya tura duk abin da ke gabansa a lokaci guda. Da hantsi, in aski ya yi sauƙi, sai a kife ganga a zauna. Na sha tsayawa ina kallo. Idan karta ta yi wa Yaya kyau, ko da sarki uku ya riƙe, sai ya ɓata fuska, ya yi tsaki, ya tura ɗan kuɗin tagulla kamar wanda ake cire wa haƙori. Matuƙan su ga rago, su yi ta ƙari. Sai a zagayen ƙarshe ya buɗe hannu ya kwashe.

Yakan ce mini, "Ƙane, in ka nuna ƙarfi da wuri, kifi ya gudu. Bawa da ɗan karta sana'arsu ɗaya, kada a san abin da ka riƙe."

Gaskiyarsa ce, dabarar nan ta raya mu. Tun bayan boren da bayi Musulmi suka yi a garin nan, dattawanmu suka koyi ɓoye allo da laya da karatu. Amma dabarar da ta ci a kan ganga ita ta cinye shi.

Yana da 'ya ɗaya, Hadiza, wadda aka haifa baiwa domin uwarta baiwa ce, a gidan wata gwauruwa kusa da unguwar Pelourinho. Kuɗin fansarta sun cika a gwangwaninsa, na gani da idona. Na ce, "Yaya, ka kai duka yau, ka ɗauko yarinyar nan." Ya yi dariya, ya ce in tsohuwar ta ga kuɗi a dunƙule za ta ƙara farashi. Sai ya je mata da yagaggiyar riga, ya taya rabi, ya yi kukan talauci. Bayan wata guda ya ƙara kaɗan. Yana jiran ta gaji ta sallama.

Ba ta gaji ba. A ƙarshen wata na biyu wani dillali mai kwasar bayi zuwa gonakin kofi na kudu ya zo ya biya a zama ɗaya. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Da Yaya ya isa tasha da gwangwanin a hannu, jirgin ya riga ya fita daga gaɓa. Bai sake taɓa karta ba, bai kuma cika shekara ba.

Bana an ce an soke bauta. An buga ganguna, an yi rawa a dandalin Praça Municipal, waɗanda suka sayar da 'ya'yanmu ma sun fito suna tafi. Na tsaya ina tunanin me Yaya zai ce. Ina jin zai gane wasan. Sun riƙe mu har sai da ƙarfinmu ya ƙare, sannan suka tura abin da ba ya musu ciwo, suka kira shi kyauta.

Na yafe masa cacar, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Wata biyun nan da ya yi yana taya 'yarsa kamar akuya ne har yau nake kokawa da su. Ya so ta, na shaida. Sai dai an koya masa ɓoyewa har ya kasa gane ranar da ya kamata ya tura komai.

Askarsa tana wurina, gwangwanin ma haka, ban taɓa shi ba. Na aika tambaya kudu ta bakin matuƙa da fatake, ban san ma sunan da aka laƙaba mata a can ba. Hadiza ta zama 'yantacciya yanzu, in tana raye. Har yau ban same ta ba.