Kujera Mai Gajeren Ƙafa

Ranar da aka binne matar Kafinta, wuni aka yi ana yayyafi, bai ƙaru ba bai tsaya ba. Shi bai yi kuka ba. Da masu gaisuwa suka watse sai ya buɗe shagonsa ya ɗauki zarto. Mutane suka ce haƙuri gare shi. Shi dai ya san ba ya jin komai, ko ɗanɗanon gishiri.

Abin da ya ɗaure masa kai, zai yi ƙofa ya yi gado lafiya lau. Amma da an kawo gyaran kujera sai hannunsa ya ɗauki rawa, ya hau mai ita da faɗa. Masu kawo aiki suka fara janyewa. Autarsa ta ce ko ya bi ta asibiti, ko ta rufe shagon ta ɗauke shi gidanta.

Ya bi ta. Likitar da ta duba shi ba ta ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Ta tambaye shi inda abin yake kama shi, ya nuna maƙogwaro. Da ya koma wajenta, ta ajiye kujera a gabansa, ta ce ya ɗauka matarsa ce a kai, ya faɗa mata abin da ke ransa. Ya kai hannu ya taɓa, kujerar ta yi girgiɗi. Sai ya durƙusa ya kifa ta, ya tambaya ko akwai guduma.

"Baba, wa kake gyara wa?" in ji likitar.

Yana durƙushe ya ce akwai wata kujera a ɗakin girkinsu, ƙafarta ɗaya gajera, marigayiya takan cusa mata guntun kwali. Takan ce, "Maigida, kujerun gari duk ka gyara, tawa sai na mutu?" Yakan ce gobe, su yi dariya.

Likitar ta ce ba ita zai gaya wa ba. Ya mayar da kujerar bisa ƙafafunta, ya dube ta ya ce:

"Goben ta zo, ba kya nan."

Ranar ma hawaye bai zo ba. Maƙogwaron dai ya ɗan saki.

Yanzu yana shagonsa, yana karɓar gyaran kujera, wani lokaci ya ajiye guduma sai hannun ya lafa. Ta ɗakin girki tana nan da kwalinta.