Mai Gadinmu Mutumin Sikkim

Ran Juma'ar da ta wuce na shiga kasuwar Souq Waqif sayen kayan yaji, sai wani ƙamshi mai haɗe da hayaƙi ya tsayar da ni a bakin wani shago. Baƙin hel ne, wani kayan ƙamshi na shayi da abinci, manyan 'ya'yan nan da ake busarwa a kan wuta. Na daɗe a tsaye, domin ƙamshin ɗakin Baba mai gadi ke nan.

A Doha na tashi. Mahaifiyata nas ce, aiki ya kawo ta daga Kafanchan, mahaifina kuma yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Sanaiya, unguwar masana'antu. Benen da muke haya yana da mai gadi, wani gajeren dattijo, kowa Baba yake ce masa. In na taso daga makaranta iyayena ba su dawo ba, a ƙofar ɗakinsa nake zama, ya dafa mana shayi da madara, ya jefa hel guda daga gwangwanin da matarsa take aiko masa.

Mutumin Sikkim ne. In ka duba taswira da ƙyar za ka gan ta, 'yar mitsitsiya ce a matse tsakanin Nepal da Bhutan, Tibet tana bisa kanta. Yakan ce a ƙasarsu ko dai kana hawa ko kana gangara, gonaki ma kamar matakala aka yanka su a jikin tudu. A cikin kwari zafi ake, har ayaba da lemo suna yi, can sama kuma ƙanƙara ba ta narkewa. Suna da wani dutse, Kanchenjunga, da suke girmamawa har ba a taka ƙololuwarsa. Da damina sai a yi wata huɗu ana ruwa, gajimare ya shigo ɗaki ta taga, matsattsaku su maƙale wa mutum a ƙafa. Ni da ban saba ganin ruwan sama ya yini yana zuba ba, tatsuniya na ɗauka.

Ya ce lokacin da aka haife shi suna da sarkinsu. Yana saurayi aka yi ƙuri'a, sarauta ta ƙare, ƙasar ta zama jiha a Indiya. Ba wannan ne ya raba shi da gida ba. Cuta ce ta shiga gonarsa ta hel, ta ƙone shukar, ya fito nema ya bar matarsa da abin da ya rage.

Ina 'yar shekara goma, wata ranar Agusta da iska take kamar tururin tukunya, muka tarar da shi zaune a ƙasa da waya a hannu. An kwana uku ana ruwa a ƙauyensu, tudu ya zaftare, ya binne gidansa da matarsa a ciki. A lokacin baƙon ma'aikaci ba ya fita daga ƙasar nan sai kafil, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya sa masa hannu, kafil ɗinsa kuma ya tafi hutu waje. Mahaifiyata ta yi ta zirga-zirga a ofishin kafil ɗin, ana ce mata ta dawo gobe. Ran da takardar izinin fita ta fito ta kawo masa da kanta, ta ce, "Baba, ga ta, ka shirya." Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, 'yata. Khalas, ta ƙare. Jiya suka ƙona ta." Gawar matarsa yake nufi, ƙona mamaci al'adarsu ce.

Ya je, ya yi wata guda, ya dawo. Bai sake ba ni labarin duwatsu ba. In ɗan yayyafin hunturu ya sauko muka fita muna tsalle, shi sai ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Da shekarunsa suka kai na barin aiki aka ƙi sabunta masa biza, ya tafi da jaka ɗaya.

Yanzu ni ma nas ce. An rushe benenmu, an kuma sauya dokar nan, yawancin ma'aikata suna iya tafiya ba sai sun jira sa hannun kowa ba. Marasa lafiya daga yankinsu suna gaya mini ƙanƙarar tana narkewa, tafkunan kan dutse suna cika suna ɓallewa kan ƙauyuka. Duk wanda ya ce daga Sikkim yake sai na kwatanta masa Baba, sai ya tambaye ni wane ƙauye. Shekara shida na yi ina shan shayinsa, ban taɓa tambayarsa ba.