Dafodil Ɗin Denzil Sun Je Gasa Babu Shi

Da safiyar Alhamis, 20 ga Maris, Loveday ta bugo min waya ta ce mijinta Denzil Trevaskis ya faɗi a lambu, kafin likita ya iso rai ya yi halinsa. A lokacin saura kwana biyu a yi gasar furannin garinmu.

Denzil, tun muna da ƙuruciya muke kishiyantar juna a teburin dafodil, furen nan mai launin rawaya, kai ka ci bana, ni in ci baɗi. Shekarar da tsutsa ta cinye min iri kaf, ka tono rabin naka ka ajiye a ƙofata ba ka ko ƙwanƙwasa ba. Da na zo godiya ka ce ba don ni ka yi ba, cin gasa ba daɗi in babu wadda za ta yi fushi.

Ranar Laraba ka shigo min da bokitin furanninka, wai firjinka ya lalace, in ajiye maka su kada su buɗe kafin lokaci. "Morwenna, na ƙirga su fa," ka ce. "Ko ɗaya ya ɓace, na san gidan ɓarauniya."

Loveday ce ta roƙe ni in kai su gasar. Na jera su a kwalabe, na bi kowane da lallausan buroshi ina miƙe kunnuwansa, na juya fuskokinsu su kalli alƙalai. Kullum a wannan gaɓar kake tsayawa a bayana, ka yi gyaran murya ka ce na hagun ya karkace. Wallahi na ji gyaran muryar nan. Ban juya ba. Na gyara na hagun.

Kai ka zo na ɗaya. Da aka kira sunanka dukkanmu muka waiga ƙofa, har mai sanarwar. Ba wanda ya iya tashi ya karɓi kofin.

Yanzu lambunka ya cika da rawaya, babu mai yanka. In iska ta kaɗa sai su riƙa sunkuyawa kamar wani na bi ta tsakaninsu. Loveday ta daina buɗe labulen wannan ɓangaren.

Allah ya jiƙanka, Denzil, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu. Loveday, da ke da 'yarku Kerensa, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku.