Yadda Na Tattaro Gaban Motar Maigidana Gida-Gida

Ni ban yi lakol ba, ban iya rubutun boko ba. Ɗiyata ce ke riƙe da alƙalami, na kuma gaya mata in ta ga ina kuka ta ci gaba da rubutu, in ta ga ina dariya ma ta ci gaba, don tun da maigidana ya rasu abubuwan nan biyu tare suke zo mini.

Da ƙuruciyarsa direba ne. Ya yi wa wani nasara aiki a wajen Keita, zamanin da ake dasa itatuwa ana jera duwatsu a kan tudu. Da nasaran zai koma ƙasarsu sai ya bar masa wata ƴar mota ja, kujera biyu, babu rufi, cikinta dab da ƙasa kamar ƙadangare ya hango shaho. Ranar da ya taho da ita garinmu Tabotaki na yi wanka, na sa kwalli, na tsaya ƙofar gida. Saura kaɗan ya iso ya faɗa wani kwari, gabanta ya durƙusa. Jakai suka ƙaraso da ita, shi yana biye a ƙasa, hula a hannu.

Ya ɗora ta a kan duwatsu a gindin adduwar tsakar gida, ya kwance gaban kaf, ya jera ƙarafan a kan tabarma. Ya ce da ni in ya mayar mata da ƙafafunta, ni zan fara shiga, kafin kowa. Na ce to. Muka haifi ƴaƴa, muka aurar da su, haƙoransa suka zube, mota tana kan duwatsu, kaji na ƙwai a cikinta.

Malam maigidana, Allah ya jiƙansa, bai iya cewa a'a ba. Duk wanda ya shigo ya ga ƙarfe a tabarma ya ce aro, sai ya ce ɗauka, amma ka dawo da shi, ina da aiki da shi. Ba wanda ya dawo da ko ƙusa. Har tabarmar ma wani ya ara.

Bayan na fita takaba sai ƙanin mijina ya zo da zancen rabon gado. Shi ne babba a gidan yanzu, kuma tun ina amarya muke wasa da shi, bai taɓa kirana da wani suna ba sai matata. Ya ce ya yi magana da mai sayen tsohon ƙarfe, ranar kasuwa ta sama zai zo da sikeli. Na ce ai mota ce, ba tsohon ƙarfe ba.

Ya ce, "Matata, abin da ba ya fita gida da ƙafafunsa ba mota ba ne, akurki ne. In ta fita ƙofar nan, ta sha kwanar masallaci ba a ɗauke ta ba, na bar miki ita cikin rabonki."

Ya faɗa ne yana dariya. Ni kuwa na sa liman ya zama shaida.

Na aika Madawa aka kira mini tsohon abokin Malam, bakanike, wanda suka yi garaji tare. Shi ma ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi yana. Ya kwanta ƙarƙashin motar, ya daɗe, ya fito da gashin kaza a gemu ya tambaye ni ina sauran ƙarafan. Na ce suna cikin gari. Ban san sunan ko ɗaya ba, amma na san inda kowanne yake, don maza ne suka ara, mata ne suka mora, ni kuma babu ɗakin da ban shiga a garin nan. Ya riƙa zana mini siffarsu a ƙasa da tsinke, ina cewa wannan yana gidan wance, wannan yana gidan wance.

Wayyo, yawon nan! Na yi watanni a ɗaka ina kallon bango, sai ga ni da sanda da kwando ina bin gidaje kamar dillaliya. Ƙarafan nan biyu masu murɗe kamar maciji ya naɗe, waɗanda bakanike ke ce wa rasor, ɗaya mai fura ta girke randa a kansa, ɗaya kuma matar mahauci ta ɗaure shi jikin ice jikokinta na tsalle a kai. Wani dogon ƙarfe mai kai kamar gwiwa shi ne sakatar rumbun maƙwabcinmu. Ɗan'uwansa yana maƙale a gugar rijiyar unguwa don ta riƙa nutsewa da wuri. Bolan ɗin kansa, abin da direba ke murzawa, na same shi a gidan ungozoma an saƙa masa kaba ya zama murfin kwando. Kowacce sai ta fara yi mini ta'aziyya, mu yi kuka, sannan in ce to, ba ni ƙarfen mijina. Sai kukan ya koma dariya har mu zauna ƙasa. Mai fura ta ce ba za ta bayar ba sai an ɗauke ta a motar. Na ce kujera biyu ce. Ta ce to za ta tura.

Bakanike ya jiƙa su a kananzir, ya kankare tsatsa da yashi, ya cusa musu maiko. Robobin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe duk sun mutu, sai baduku ya yanko wasu daga tsohuwar taya. Tayoyi kuwa na amalanke muka aro, karon farko da gidanmu ya ari wani abu ba a ara daga gare shi ba. Ƙanin mijina kullum sai ya biyo ya tsaya ya ce yaya jikin amarya, ta fara rarrafe?

Saura ƙarfe ɗaya, miƙaƙƙe, wanda ke tasowa daga bolan ya sauka wajen ƙafafu. In babu shi, ka murza har gobe, taya ba ta san kana yi ba. Bakanike ya zana shi, na duba, na ce ban taɓa ganinsa a ɗakin kowace mace ba. Na tambaya ko'ina. Maƙeri ne ya sunkuyar da kai ya ce ya san shi. Wata shekara da ƙasa ta yi tauri masu haƙar kabari suka rasa dagi, Malam ya kawo masa ƙarfen da hannunsa ya ce ya buga bakinsa ya yi faɗi. Tun ranar yana jingine a ɗakin makara.

Na ce, "Har nasa kabarin da shi aka haƙa?"

Ya ce, "Da shi, Inna."

Ɗiyata, ajiye alƙalamin tukuna.

To. Na kwana biyu ban ce a taɓa shi ba. Daga baya na kai wa maƙeri tsohon ƙarfen galmar Malam na ce ya ƙera musu wani dagin, don ba zan bar matattun gari ba abin haƙa ba. Liman ya amince. Aka ɗauki ƙarfen aka kai shi garin Buza, mai walda ya yanke bakin ya ƙara masa tsawo. Da aka dawo da shi na riƙe shi a cinyata na daɗe, ƙasa na nan a maƙale a jikinsa, ja. Ban bari an wanke ta ba.

Bakanike ya haɗa komai. Ya karɓi zaren da nake kaɗi ya zagaye tayoyin huɗu da shi, yana kanne idonsa mai lafiya, yana murɗa nan yana sassauta can, har ƙafafun gaba suka daina kallon juna kamar ɗan akuya sabon haihuwa. Aka zare duwatsun. Ta sauka, ta yi ɗan lilo, ta tsaya. Na rangaɗa guɗa, ni da na yi zaton guɗa ta ƙare a bakina.

Inji kam ya mutu tun tuni, amma ƙanin mijina ƙafafu ya ce, bai ce inji ba, liman kuma ya ji. Da hantsin ranar kasuwa aka ɗage dangar gida. Matan da na karɓo ƙarafa a wurinsu duk suka zo suka ci ɗamara. Bakanike ya ce in fara shiga kamar yadda aka yi mini alkawari. Ni ban san ɓangaren direba da na fasinja ba, na faɗa wanda ya fi kusa, ashe na direba ne, kujerar kuwa a ƙasa take, gwiwoyina suka ce ba su san zancen tashi ba. Ya ce in dakata a ciro ni. Mai fura ba ta ji ba, ta ce bisimilla, suka tura.

Daga ƙofarmu zuwa masallaci gangara ce. Mota ta kuɓuce musu. Iska ta ɗauke mini kallabi, kaza ɗaya da ta ɓuya bayan kujera ta tashi sama tana kururuwa, bakanike na ɗingishi a baya yana cewa dama, dama! Ga bangon masallaci, ga ƙanin mijina a kan buzu da carbi, ga mai sikeli kusa da shi. Na ce ya Allahu, na murza bolan da hannu biyu kamar ina tuƙa tuwon biki. Na ji ƙarfen nan ya juya a ƙarƙashin hannuna, ƙafafun suka amsa. Ta sha kwanar sumul, ta bi ta bakin buzun, ƙanin mijina ya yi tsalle ya bar takalmi ɗaya. Ta je ta tsaya cikin rairayi gaban gidan wanzami.

Ina dariya har numfashina na ɗaukewa. Na juya gefena in ce wa Malam ka gani, sai kujera ba kowa. Na kifa kaina a kan bolan na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da shi. Matan suka iso suna haki suka kewaye ni, ba wadda ta ce in yi haƙuri.

Ƙanin mijina ya ƙaraso da takalmi ɗaya a hannu, idonsa shi ma ya yi ja. Ya waiwaya ya ce wa mai sikeli ya yi haƙuri, babu tsohon ƙarfe a gidan nan. Ya tsaya yana shafa ƙofar motar, can ya ce, "Matata, ko za ki rage mini hanya?"

Na share fuskata da bakin zane. Na ce hanyar gida hawa ce, ya zagaya baya ya kama wa mata.