Latin ɗin da ke ɗakin Iya

Sana'ata hatsi da gyaɗa. Da buhu guda a bayan keke na fara a ƙauyukan Makoda, yau ina da rumfa da sito. Shi ya sa da 'yata ta fari ta shiga kwaleji a Bici na zaɓa mata sashen kasuwanci, don in ƙarfina ya ƙare ta riƙe sito. Hutun farko ta dawo ta ce za ta koma nazarin harsuna. Amincewata take jira, in ban yarda ba babu sauyi.

Na ce, "Harsuna kuma? Wanda ke bakinki bai ishe ki ba? Da shi fa kike hana gidan nan sakat."

Ta gyara zama ta fara min karatu. Wai Rumawan dā, a yarensu na Latin, lingua suke ce wa harshe, in harsunan da yawa su ce linguae. Wai malaman Turai sun daɗe suna rubuta shari'a da ilimin magani da Latin, kuma daga cikinsa Faransanci ya fito. Har fatake na bakin teku da suka haɗa wata magana ta ciniki, lingua franca aka kira ta.

"Wannan na gane," in ji ni. "Hausa ke nan a kasuwar Dawanau. To kawo min Balatine ɗaya in auna masa gero."

"Babu su, Baba. Yara suka daina tashi da shi a gida, sai ya saura a littafi."

"Wato ki bar kasuwa tana ci, ki je kina yi wa gawa fifita."

Mahaifiyarta tana bakin murhu ta tuntsire da dariya. Ita Bafulatana ce, ni kuwa kakannina daga Borno suka zo, saboda haka tsokana ba ta ƙarewa tsakaninmu. Ta ce, "Alhaji, ai ba sai an je ƙasar Rum ba. Ga naku Latin ɗin can a ɗakin Iya."

Iya yayar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage mai jin Barbarci a gidanmu. Na ce wa matar tawa ta je ta ji da shanun ubanta, amma maganar ta zauna min.

Washegari na shiga gaishe da Iya. Ta ɗauko doguwar gaisuwarta ta Barebari kamar kullum, ni ma na ce "wushe, wushe" kamar kullum. Sai ta tsaya a tsakiya ta juya Hausa, yadda nake rage wa mai saye idan na ga aljihunsa ba nauyi. Ban taɓa lura ba sai ranar.

Na kira yarinyar. "Ni ɗan kasuwa ne, ba na ba da kaya kyauta. Na yarda ki sauya. Amma duk hutu, daga la'asar, kina ɗakin Iya. Harshe mai rai za ki fara da shi."

Sito dai har yau ni nake buɗe shi. Ita da Iya kuwa yanzu in na wuce sai su kalle ni, su faɗi wani abu, su yi ta dariya. Matata ta rantse tumbina suke zance. Ita ma fa ba ji take ba.